Neman aiki ta intanet a Isra'ila: shafi da kuma mutumin ciki

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa Isra'ila ne, inda mai neman aiki kan fara farautarsa da wayar hannu.

Shafukan sanannu ne. AllJobs da Drushim da JobMaster su ne manyan rumbunan tallan guraben aiki da Ibrananci, tun daga direban babbar mota har akanta. Masu harkar fasahar zamani a Tel Aviv da Herzliya da Haifa kuwa sun fi riƙe LinkedIn, galibi da Turanci. Yahudawan da suka ƙaura can daga Amurka da Kanada da Birtaniya suna duba guraben da ƙungiyar Nefesh B'Nefesh, wadda aka kafa a 2002, take wallafawa. Shi kuma wanda aka sallama daga aiki, kafin komai ya yi rajista da hukumar samar da aiki ta gwamnati, domin sai da ita hukumar inshorar ƙasa, Bituach Leumi, take biyan alawus ɗin rashin aiki, muddin mutum ya yi aikin wata 12 cikin 18 da suka gabata.

To, amma duk wanda ya zauna yana ta danna "aika" daga safiyar Lahadi, wadda ita ce farkon makon aiki a can, har yammacin Alhamis, yana iya shafe watanni ba wanda ya kira shi. Kamfanonin fasaha da yawa suna ba ma'aikacinsu tukuicin kuɗi idan ya kawo wani aka ɗauke shi, tsarin da suke kira "aboki ya kawo aboki". Takardar da ta shiga ta hannun ɗan gida takan isa gaban mai ɗauka da wuri, wadda ta bi ta shafi kuwa sai ta jira layi bayan manhajar tacewa. Saboda haka dabarar ita ce, idan ka ga talla a Drushim kada ka yi gaggawar turawa. Koma LinkedIn ka duba su wa ke aiki a kamfanin, ko akwai wanda kuka yi jami'a tare a Technion ko Ben-Gurion, ka rubuta masa layi uku: ga ni, ga gurbin, ga abin da na iya, ko za ka miƙa min? Ba bara kake yi ba, shi ma yana da rabo a ciki.

A nan ne kuma gizo ke saƙar. Wa ke da ɗan gida? Wanda ya yi aikin soja a rundunar leƙen asiri ta 8200 yana fitowa da abokai a kamfanonin fasaha da yawa. Larabawa 'yan ƙasar, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'a, akasarinsu ba sa shiga soja, haka ma yawancin Yahudawa masu tsananin riƙon addini, wato Haredim. Dokar 1988 ta haramta nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda addini ko jinsi ko shekaru, amma a ganina hannunta bai kai zauren WhatsApp na tsofaffin sojoji ba, inda ake raɗa labarin gurbi tun kafin a tallata shi. Wannan gibin ne ƙungiyar Tsofen, da aka kafa a Nazarat a 2008, take ƙoƙarin cikewa ga injiniyoyi Larabawa, KamaTech kuma ga Haredim.

Takardar bayanin kai a taƙaice suke son ta, shafi ɗaya ko biyu, kuma a tanadi ta Ibrananci da ta Turanci. Batun albashi yakan taso tun a kiran waya na farko, kuma albashin wata guda ake faɗa, kafin a cire haraji. A tambayi fansho, a tambayi asusun ajiyar nan da suke kira keren hishtalmut, don ba kowane kamfani ke bayarwa ba.

Sai hattara. A 2020 ma'aikatar tsaron Isra'ila ta sanar da cewa masu kutse na gungun Lazarus, da ake dangantawa da Koriya ta Arewa, sun yi ta aika wa ma'aikatan kamfanonin tsaro tayin aiki na bogi ta LinkedIn. Daga 2024 kuma hukumar tsaron cikin gida ta Isra'ila, Shin Bet, ta sha sanar da kama 'yan ƙasar da ta ce jami'an Iran sun janyo su ta Telegram da ƙananan ayyuka, kamar ɗaukar hoton wani wuri a biya su da kuɗin kirifto. Idan tayi ya zo, a duba ko gurbin yana nan a shafin kamfanin kansa, a duba adireshin imel ɗin, kuma kada a buɗe fayil ɗin da baƙo ya turo da sunan bayanin aiki.