Sabon filin jirgi: aikin waye zai ƙaru?

Ƙarfe biyar na asuba ke nan a Lugbe, kan titin da ya nufi filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe na Abuja. Ku dubi waɗanda ke tsaye a bakin titi. Wannan saurayin da riga mai ƙyalli lodin kaya yake yi. Waccan baiwar Allah mai kati rataye a wuya shara take yi a ɗakin jiran fasinja. Ga mai shayi can, tun kafin kiran salla ya hura wuta saboda su. Da yawa cikinsu ba su taɓa hawa jirgi ba, amma jirgi ne ke ɗora musu tukunya.

Duk gwamnan da ya tashi gina filin jirgi, alƙawarinsa na farko aikin yi ne ga matasa. Gaskiya ne, ana samu, sai dai iri-iri ne.

Akwai na lokacin gini: birkila, mai walda, direban tifa, lebura, da mai tallan shinkafa da wake a bakin shinge. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina sabon sashen jiragen ƙasashen waje na Abuja, Shugaba Buhari ya buɗe shi a Disambar 2018. Daga ranar da aka yi bikin buɗewa, leburan da ya ɗauki siminti a wurin sai ya nemi wani aikin. Wannan ci-rani ne, kuma bai kamata a riƙa ƙirga shi kamar aikin dindindin ba.

Aikin da ke ɗorewa jirgi yake bi. Jirgi ɗaya in ya sauka, sai an sami mai jawo matakala, mai sauke jakunkuna, mai zuba mai, mai share ciki, mai kawo abincin fasinja, ga jami'an kwastan da na shige da fice. A waje kuma direban tasi na jira, ɗan canji na jira, otal na jira. Lokacin jigilar alhazai, ku leƙa sansaninsu na Bassan Jiwa, kusa da filin jirgin Abuja, ku ga yadda ciniki ke kankama.

In kuna son shaida, ku tuna Maris na 2017, da aka rufe filin Abuja mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da su Kaduna. Gini yana nan, fitilu suna nan, amma direban da ya saba jiran fasinja a Abuja sai dai ya bi su Kaduna ko ya zauna a gida. Manyan kamfanonin Turai ma ƙin zuwa Kadunar suka yi, yayin da na Habasha ya je.

Abin da ke damuna shi ne rabon. Ayyukan da ke da albashi mai tsoka, irin su injiniyan jirgi da mai kula da zirga-zirgar sama, sai da takarda, kuma babbar makarantar koyonsu tana Zariya tun 1964. Ɗan ƙauyen da aka karɓi gonar ubansa, kamar yadda batun gina titin saukar jirage na biyu a filin Abuja ya shafi gonakin mutanen Jiwa da ke maƙwabtaka da filin, in ba a tura shi karatu tun ana aza harsashi ba, gadi ko shara ne rabonsa. Kuɗin diyya kuwa ƙarewa suke yi.

Yanzu mu hau Filato. Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, kusa da Jos, ya daɗe, amma jiragen da ke sauka ba su da yawa, shi ya sa ba za ka ga cunkoson Lugbe a bakinsa ba. Alhali kewaye yake da ƙasar sanyi da ke fitar da kabeji, karas, koren wake da tattasai. A Kenya, furannin da ake nomawa a Naivasha ta filin jirgin Nairobi suke wucewa zuwa kasuwannin Turai, kuma dubban mutane ke cin abinci daga tsinka, ɗauri da lodi. Abin da Heipang ke buƙata kafin haka ta samu shi ne ɗakin sanyi da wuta tsayayya, hanya mai kyau daga gonakin Bokkos da Mangu, da jirgin kaya mai rana tsayayya da manomi zai iya yin lissafi da ita.