Fodkas: Jerin littattafai shafi biyu, kuɗi na uku

Aminu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ne Aminu, ga Hafsat, ga kuma Malama Binta. Saƙon wata ƙanwarmu ne ya tara mu yau. Ta samu gurbin karatun Turanci a jami'a, an miƙa mata jerin littattafai shafi biyu, kuɗin hannunta kuwa da ƙyar ya sayi uku. Malama, ta ina za ta fara?

Malama Binta: Ta fara da na George Yule, The Study of Language. Tun 1985 ya fito, ana ta sake buga shi da gyara. Babobinsa gajeru ne, daga sauti zuwa ginin kalma, ginin jimla, ma'ana, har yadda yaro ke koyon magana. Ɗan aji ɗaya zai karanta shi ba tare da malami a kansa ba.

Hafsat: Ni dai Malama, furuci ne ya fi ba ni wahala. Haruffan Turanci 26 ne, amma sautukan da aka koya mana 44, kuma 20 daga ciki wasula ne. Mu da muka taso da wasula biyar, gajeru da dogaye, sai ai da au!

Malama Binta: Shi ya sa na biyu shi ne na Peter Roach.

Hafsat: English Phonetics and Phonology, na 1983. Wallahi littafin nan ya yi mini rana. A Hausa da leɓɓa kawai muke furta f, shi ya sa p da f na Turanci ke cakuɗe mana. A nan na fahimci cewa a p leɓɓa biyu ke rufewa su buɗe, a f kuwa haƙoran sama ne ke hawa leɓen ƙasa. Na ɗauki ƙaramin madubi, bayan sallar isha'i na zauna a bakin gado ina kallon bakina, ina maimaita pan da fan. Sati biyu na yi a haka. Amma ta nemi sautin da ke tare da littafin, don ido kaɗai ba ya koyar da furuci.

Aminu: To ɓangaren adabi fa? Kowa Norton Anthology yake ambata, wato babban kundin nan na zaɓaɓɓun rubuce-rubucen adabi.

Malama Binta: Ta bar shi a laburare, yana da tsada ga nauyi. Ta sayi A Glossary of Literary Terms na M. H. Abrams, ƙamus ɗin kalmomin nazarin adabi, wanda ya fara fitowa a 1957. Har ta gama digiri ba za ta ajiye shi ba.

Aminu: Amma Malama, mu faɗi gaskiya, yawancin ɗalibai da handawut da taƙaitaccen labari daga intanet suke cin jarrabawa.

Malama Binta: Suna ci, kuma abin yana ci mini rai. Ka ɗauki Things Fall Apart na Chinua Achebe, 1958. Taƙaitawa za ta ce maka Okonkwo, jarumin littafin, ya rataye kansa, shi ke nan. Ka buɗe shafin ƙarshe da kanka. Baturen mulki yana tafe yana tunanin littafin da zai rubuta, yana auna cewa labarin mutumin nan zai iya cin babi guda, sai ya ga a'a, sakin layi ma ya isa. Mutumin da ka bi tun yana matashi ɗan kokawa, an mayar da shi sakin layi. Ranar da na fara karanta wurin, rufe littafin na yi na daɗe a zaune. Wa zai taƙaita maka wannan?

Hafsat: Kuma irin waɗannan ba su da tsada. Things Fall Apart da The Stillborn na Zaynab Alkali ana samunsu a wajen masu tsofaffin littattafai.

Malama Binta: Idan ta kai aji uku, ta nemi Nigerian English Usage na David Jowitt, 1991. Ya koyar a Jami'ar Bayero, kuma Turancin da muke ji a kasuwa da ofis ya nazarta. Za ta tarar da maganar bakinta a ciki.

Aminu: Ƙanwarmu, kin ji: Yule, Roach, Abrams. Sauran ki haɗa kai da ƙawaye, kowa ta sayi ɗaya ku riƙa musaya.

Hafsat: Kada ta manta da madubi.

Aminu: Da madubi. Malama mun gode, Allah ya ƙara basira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.