Henry Bloch: Daga jirgin yaƙi zuwa teburin haraji

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Wanda ya taɓa zuwa Amurka, ko ya ga titunanta a hoto, wataƙila idonsa ya faɗa kan wani shago mai koriyar alama, an rubuta H&R Block. Wurin cike takardar haraji ne. Harafin H na Henry ne, R kuwa na ƙaninsa Richard. Yau labarin yayan za mu kawo muku, Henry Bloch, wanda ya yi shekara 96 a duniya.

An haife shi ranar 30 ga Yuli, 1922, a birnin Kansas City na jihar Missouri. Mahaifinsa lauya ne. Lissafi ya karanta a Jami'ar Michigan, kuma lissafin nan ne ya bi shi har fagen fama. A yaƙin duniya na biyu ya shiga rundunar sojan saman Amurka ta takwas, wadda ke tashi daga Ingila tana ruwan bama-bamai a Jamus. A cikin jirgin B-17 mai ɗaukar mutum goma, shi ne mai taswira. Yana zaune a hancin jirgin da fensir da agogo, yana auna gudu da iska, yana gaya wa matuƙi inda za a bi, ga sanyi mai daskarar da yatsu, ga harsasan kakkaɓo jirgi na fashewa ta ko'ina. Sau 32 ya fita, uku daga ciki a kan Berlin. Wannan runduna kaɗai ta rasa mutum sama da 26,000 a yaƙin. Henry ya dawo gida lafiya lau.

A 1946 shi da yayansa Leon suka ranto dala 5,000 daga wata gwaggonsu, suka buɗe ɗan ofishin da ke riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin shiga da fita. Kasuwa ta ƙi. Leon ya haƙura ya koma karatun lauya. Henry ya sa talla a jarida yana neman mataimaki, sai ga mahaifiyarsa ta amsa tallan, ta ce ga ƙaninka Richard nan, me zai hana ka ɗauke shi? Haka aka yi.

To, a nan sai mun ɗan tsaya mu yi bayani. A Amurka, ko da ana cire wa ma'aikaci haraji daga albashi, duk shekara sai ya cike takarda da kansa ya aika wa hukumar haraji ta tarayya, wato IRS. Ya faɗi abin da ya samu, iyalin da yake ɗauke da su, da abubuwan da doka ta yarda a rage masa. In an cire masa fiye da ƙima, gwamnati ta mayar masa da rara. In an cire ƙasa da haka, ya cika. Dokar tana da sarƙaƙiya, kuma mutane suna tsoron kuskure kamar yadda suke tsoron sammaci.

'Yan'uwan biyu suna cike wa abokan hulɗarsu wannan takarda a gefe, amma aikin yana cin lokaci, har suka yanke shawarar dainawa. Sai wani abokin hulɗarsu, John White, mai neman talla a jaridar Kansas City Star, ya ce kafin ku bari, ku gwada tallata shi. A watan Janairun 1955 tallan ya fito: cike takardar haraji, dala 5. Ashe a daidai lokacin hukumar IRS ta daina cike wa mutanen garin takarda kyauta. Henry yana waje wurin abokan hulɗa, Richard ya buga masa waya ya ce ya dawo maza, ofis ya cika maƙil. Aikin da suka so jefarwa shi ya zama arzikinsu. Rabo ke nan. Amma a ganina rabon ya tarar da mutumin da ya yi shekara tara yana duƙufa kan littattafan wasu, ya san aikin ciki da bai.

A shekarar suka kafa H&R Block. A sunan kamfanin sun sauya harafin ƙarshe na sunansu daga h zuwa k don kada a riƙa kiran sunan kamar wata kalmar Turanci mai nufin tabo. A 1956 suka buɗe ofisoshi bakwai a New York, a 1962 suka fara sayar da hannun jari. Daga baya Henry da kansa ya riƙa fitowa a tallan talabijin, cikin kwat, yana magana a natse kamar malamin makaranta.

A yankin Kansas City ya ci gaba da zama har ƙarshen rayuwarsa. A 1951 ya auri Marion Helzberg, suka haifi 'ya'ya huɗu. Shekara 62 suka yi tare, kuma ta daɗe tana jinyar ciwon daji na ƙwaƙwalwa kafin rasuwarta a 2013. Akwai cibiyar kula da cututtukan ƙwaƙwalwa mai sunanta a asibitin Saint Luke's na garin. Zane-zanen da suka tara a gida, na mashahuran masu zane irin su Monet da Van Gogh, ya ba gidan tarihi na Nelson-Atkins.

Wani abu da ya fi ba ni sha'awa shi ne na ɗansa Tom. A 1992 Henry ya sauka ya miƙa masa ragamar kamfani. Bayan shekara uku Tom ya ajiye kujerar, ya tafi koyar da lissafi a wata makarantar unguwar talakawa. Ku duba fa, kujerar da uba ya yi kusan shekara 40 yana ginawa.

Ranar 15 ga Afrilu ce ranar ƙarshe ta miƙa takardar haraji a Amurka, ranar da ofisoshinsa suka fi cika. Henry Bloch ya rasu ranar 23 ga Afrilu, 2019, kwana takwas bayan an rufe kakar harajin shekarar.