Ba Ford Ba Ne: Wa Ya Fara Ƙera Mota?

Akwai masu cewa wai Henry Ford ne ya ƙirƙiro mota. To, a tsaya tukuna. Lokacin da Ford ya haɗa motarsa ta farko a 1896, motar Karl Benz ta riga ta shekara goma da neman rajistar haƙƙin ƙirƙira.

(Hoto: keken tururi na Cugnot)

Wannan dodon da kuke gani na Faransa ne, 1769. Nicolas Cugnot ya ƙera shi don jan igwa. Tukunya ce a gaba, a hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura. Yana tafiya kam, amma mai tafiya a ƙasa sai ya wuce shi.

Ga inda mutane ke ruɗewa. A keken Cugnot wutar tana waje, tana dafa ruwa. A motar da kake hawa yau, wutar tana cikin injin kanta. Étienne Lenoir ya yi irin wannan injin a 1860, sai dai ga cin mai, ga rashin ƙarfi. Me ya rasa? Matsi.

(Hoto: fistin yana hawa da sauka, a hankali)

Ku kalli nan da kyau. Fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silindar injin, ya sauka, ya zuƙo mai da iska. Ya hau, ya matse su a ɗan lungu. Fulogi ya kyasta, abin ya fashe, ya dankara fistin ƙasa. Ya sake hawa, ya kori hayaƙi. Matakai huɗu ke nan. Na biyun shi ne Lenoir bai yi ba, shi ne kuma Nikolaus Otto ya daidaita a 1876. Mai da iskar da aka matse sun fi fashewa da ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa idan ringin fistin ya cinye, bakanike zai ce maka injin ya saki: matsin ke zurarewa, mota na hayaƙi, tudu ya gagare ta.

Benz ya ɗauki wannan dabara, ya rage wa injin girma, ya ƙera masa jiki nasa na kansa a garin Mannheim na Jamus. Ranar 29 ga Janairu, 1886 ya nemi rajista. Silinda ɗaya, ƙarfin bai kai na doki guda ba, taya uku. E, kakar Keke Napep ke nan!

(Hoto: Bertha Benz)

Ni dai a wannan labarin gwanata ita ce matarsa. A watan Agusta 1888 Bertha ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu, ba ta gaya wa maigida ba, ta tuƙa fiye da kilomita 100 zuwa garin Pforzheim. Babu gidan mai, sai a wani kemis na garin Wiesloch ta saya. Bututun mai ya toshe, ta zare tsinken hularta ta zungure shi. Birki ya cinye, ta sa baduku ya liƙa masa fata.

Ford fa? Nasa aikin daban ne, kuma ba ƙarami ba. Motarsa Model T ta fito a 1908. A 1913 ya kafa layin haɗi mai tafiya, inda motar ke bi ta gaban ma'aikata kowa na ɗaura nasa ɓangaren, motar da haɗa ta ke cin sama da awa 12 ta koma kusan awa ɗaya da rabi. Farashi ya sauko daga dala 850 zuwa ƙasa da 300, har ma'aikacin da ke ɗaure mata taya ya iya sayenta.