Jawabin Maraba ga Malam Muhammad Garba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babban baƙonmu, Malam Muhammad Garba, tsohon shugaban Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya kuma tsohon Kwamishinan Yaɗa Labarai na Jihar Kano, sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Iyayenmu a wannan sana'a, 'yan uwa maza da mata, barkanku da zuwa. A madadin matasan 'yan jarida da suka shirya wannan zama, muna godiya da ka amsa kiran ƙannenka da 'ya'yanka.

Ba sai an gabatar da kai a Kano ba. Amma a zauren nan akwai waɗanda suka san ka a kwamishina kawai, ba su san ɗan Triumph ne kai ba. Wannan kamfanin jarida gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ce ta kafa shi a 1980, kuma daga cikinsa Albishir da Alfijir ta ajami suke fitowa, waɗanda dattawa da yawa a nan da su suka saba karanta labari da harshensu. Daga can ka shiga harkar ƙungiya, har 'yan jaridar ƙasar nan suka zaɓe ka shugaban ƙungiyarsu, NUJ, a 2009, suka sake ba ka amana a 2012. Ka kuma riƙe ƙungiyar 'yan jarida ta Afirka ta Yamma da ta nahiyar baki ɗaya.

Shekarun nan shida ba na jin daɗi ba ne. Haƙiƙa a cikinsu ne Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, a watan Mayun 2011, bayan an daɗe ana jan ƙafa a kanta. Amma a cikinsu ne kuma muka rasa Enenche Akogwu na tashar Channels, wanda aka harbe a nan Kano ranar 20 ga Janairun 2012 yana bakin aiki, ranar da garin nan ba zai manta ba. Bayan wata uku aka tayar da bam a ofishin jaridar ThisDay na Abuja. A irin wannan lokaci, shugaban ƙungiya shi ne mai zuwa ta'aziyya, shi ne mai bin sawun ɗan jaridar da aka tsare.

Sai ga 2015, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya naɗa ka kwamishina, aka sake naɗa ka a 2019, har zuwa ƙarshen gwamnatin a 2023. Mai yi wa gwamnati tambaya ya zama mai amsawa a madadinta. Batun sababbin masarautu a 2019, da sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu a Maris ɗin 2020, da annobar korona, duk wayarka muke bugawa, wani lokaci da tsakar dare. Ba kullum muka gamsu da amsa ba, Malam, kai ma ka san haka. Sai dai a zamanin ne Triumph ta dawo bayan rufe ta da aka yi a 2012, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga waɗanda suka zauna a gida babu aiki.

Dalilin kiran ke nan. Ka san ciwon mai tambaya, ka san na mai amsawa. A cikinmu akwai masu yin wata da watanni babu albashi, an ba su katin shaida an ce su nemi na kansu, sai ɗan kuɗin mota da ake miƙawa bayan taron manema labarai. Wanda ya karɓa, da wane baki zai yi tambaya gobe? Akwai kuma masu aiki da waya a Facebook da TikTok, waɗanda har yau ana gardamar ko 'yan jarida ne. Muna so mu ji ta bakinka: me ƙungiya za ta iya, me ya fi ƙarfinta, kuma yaya gwamnati take kallonmu idan an rufe ƙofa?

Bayan jawabinka za a ba da damar tambayoyi, kuma na ga 'yan uwa mata sun riga sun rubuta nasu. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Bismillah, Malam, ga lasifika.