Jawabin maraba ga mai girma Kwamishina daga masu sana'ar hannu na unguwarmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma Kwamishina ranka ya daɗe, mai girma Hakimi Allah ya ja zamaninka, malamanmu, jami'an gidan gyaran hali, iyayenmu mata da ke can baya, duk sannunku da zuwa. Yallaɓai, a madadin masu walda da kafintoci da telolin unguwar nan muna maka lale marhabin, ka sha hanya ka sha rana, Allah ya saka da alheri.

Samarin nan da ka gani a layin gaba duk sun taɓa kwana a gidan yari, wasu Kurmawa wasu Goron Dutse, yanzu kuma yaran shagunanmu ne. Da yardarsu na faɗa.

Tun 2019 da marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka aka daina cewa gidan yari a hukumance, aka koma gidan gyaran hali, kuma tsakani da Allah ana koyar da sana'a a ciki, har karatun NOUN, wato jami'ar karatu daga gida, akwai masu yi kyauta. A watan Nuwamban 2023 ma an biya wa mutum sama da 4,000 tara aka sake su, mun yi murna. To amma yallaɓai an sake shi ya tafi ina? Nan fa gizo ke saƙar.

Yaro ya fito da sana'a a hannunsa, ya je neman aiki, abu na farko oga zai ce kawo garanto, to waye zai tsaya masa, kawun da ko ziyara bai taɓa kai masa ba? In kuma Allah ya sa ya samu, ranar da sifana ɗaya ta ɓace a gareji kowa shi zai kalla, ko da ranar bai zo ba. Kwastoma ya ji labari ya ɗauke ɗinkinsa ya kai wani shagon. Ga kuɗin mota babu, ga tsofaffin abokai suna jiransa a bakin layi, su kam ba sa tambayar garanto. Wallahi samun aikin bai kai riƙe shi wuya ba, watannin farkon nan su ne ke kayar da yawancinsu. Kuma kar a manta mafi yawan waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, wani zai yi shekaru kotu ta sallame shi ba laifi, amma a unguwa sunansa tsohon fursuna.

Shi ya sa roƙonmu ba keken ɗinki a ɗau hoto a watse ba ne, mun ga keken da aka sayar kafin sati ya zagayo saboda yunwa. Tunda gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar gidajen gyaran hali, muna so gwamnati ta tsaya musu a matsayin garanto a rubuce, ta ɗau nauyin kuɗin mota da na abinci na wata shida, a kuma sa jami'in walwala ya riƙa leƙo shagon, ya ji ta bakin yaro ya ji ta bakin oga. In za a ba da kwangilar kujerun makaranta ko yunifom a tuna da shagunan da suka ɗauke su. Mu namu shi ne koyarwa da haƙuri, kuma mun ɗauka.

Ranka ya daɗe, bayan jawabinka samarin na so su zagaya da kai ka ga ƙofofi da gadajen da suka haɗa. Bismillah.