Gotar Nima ba a Nima ta tsaya ba

Laccar da aka yi wa matasan zango a Nima, birnin Accra, bayan sallar la'asar. An rubuto ta daga sautin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, sarakunan zango, iyayenmu mata, ƙannena samari, Allah ya saka da alheri. Na baya kuna ji? To, madalla.

Duk wanda ya yi wayo a garin nan yana tune da daren Laraba, 3 ga Yuni, 2015. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, mutane suka fake a gidan man da ke kusa da Circle, wato mahaɗar hanyoyi ta Kwame Nkrumah, mai ya malalo a kan ruwan, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Abin da nake so mu yi yau shi ne mu bi sawun ruwan nan, mu ga ta ina ya biyo.

Kogin Odaw daga wajen tsaunukan Akwapim yake gangarowa, ya ratsa Achimota da Alajo, ya wuce Circle, ya faɗa tafkin Korle, sannan teku. Babbar gotarmu, wadda ta raba Nima da Mamobi, a cikinsa take zuba. Mu muna kan tudu. Ledar fiya wata da yaronka ya jefa da hantsi, da buhun bolar da aka lallaɓa aka tura bayan isha'i saboda an ga hadari ya haɗo, ba ɓacewa suke ba. Can ƙasa suke taruwa da yashi su toshe bakin gada, ruwa ya rasa hanya, ya shiga ɗakin wani. Wanin nan kuwa sau da yawa ɗan'uwanka ne, mai sallah a sahu ɗaya da kai ranar Idi.

Na ji Alhaji yana cewa gwamnati fa? Gaskiyarka, Baba. Yashe Odaw aikinta ne, hana gini a kan hanyar ruwa ma aikinta ne, kuma za mu ci gaba da bin ofisoshi da takarda. Amma in an yashe a watan Afrilu muka cika kafin Yuni, da wane baki za mu yi magana?

Akwai abin da ba mu cika lura da shi ba: siminti. Lokacin da nake yaro tsakar gidanmu ƙasa ce, da bishiyar darbejiya a tsakiya. In an yi ruwa, ƙasa ta sha rabonta, saura ya tafi a hankali. Yanzu kowa ya shafe tsakar gida, ya kafa shago a inda bishiyar take, ruwan kwano gaba ɗaya sai ya zuba gota a lokaci guda. Shi ya sa nake jin zafi in aka ce filin ƙwallo wurin zaman banza ne. Fili irin na Kawukudi ruwa yake sha da damina, da rani kuma ya riƙe mana yara, dattijo mai hawan jini ya samu inda zai taka da asuba. Dajin Achimota ma haka. Duk filin da ya rage a unguwa, ku sa masa ido kafin a wayi gari an zuba bulo.

Maganar sola ba zan ja ta ba. Kun sha dumso, wato yawan ɗauke wuta, a 2015, kun san halin Akosombo, dam ɗin da ke ba mu wuta: in ruwa ya yi ƙasa wuta ta ragu, in ya yi yawa a buɗe ƙofa, kamar yadda mutanen garin Mepe suka ga ambaliya a Oktoban 2023. Rana kuwa kullum tana kanmu. Ni dai buƙatata ƙarama ce, fitilun sola a bakin gota da gefen fili, domin mai zubar da bola duhu yake nema. Masallatai uku in suka haɗa kuɗin asusu za su iya kafa na layinsu.

Ranar Asabar bayan sallar asuba za mu fara daga bakin gada. Mai shebur ya zo da shi, mai baro ma haka, kuma abin da aka kwaso kada a tara shi a bakin gota, ruwan farko zai mayar da shi. Mun yi magana da masu aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, za su kwashe a ranar. Hajiya, na ga hannunki a sama tun ɗazu, bismillah.